Dillalin Raguna da Robon Surukarsa

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen rago kasuwar Mirriya ranar Lahadi ya ga Ɗan Azumi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan siriri mai hular da rana ta cinye launinta, wanda in ya tsuguna gaban rago sai ka rantse likita ne ya zo duba mara lafiya. Haifaffen Dakusa ne, ɗan manoman gero da gyaɗa, amma tun yana ƙarami aka gane hannunsa ba na fartanya ba ne. In an tura shi gona, sai a tsinto shi bakin rijiya yana buɗe bakin tumakin mutane yana leƙa haƙoransu. Da babansa ya gaji da duka, sai ya miƙa shi ga wani kawunsa dillalin bisashe, ya ce ya je ya leƙa har ya ƙoshi.

Bai ƙoshi ba har yau. Ya shigo Damagaram da ƙuruciyarsa, ya kama ɗaki a unguwar Kara-Kara, ɗakin ya zama gida, gidan ya cika da matarsa Maryama da ƴaƴanta da ƴan raguna biyu-uku da kullum ke ɗaure a turke suna jiran mai rabo. Abin da aka san shi da shi ɗaya ne: ba ya ɓoye aibin bisa. Amma fa ba ya faɗa da baki, don a wajen dillalan da suka koya masa aiki, rashin ta ido ne ka tsaya gaban mai rago ka ce ragonsa gurgu ne. Abin da suke yi shi ne, dillali ya kama hannun mai saye kamar zai nuna masa ƙiba, ya ɗora a daidai wurin ciwon, ya yi shiru, ya dube shi. Mai saye ya ji kumburin a tafin hannunsa, ya ce bari ya ɗan zagaya ya dawo. Mai rago bai ji kunya ba, mai saye bai cutu ba, kowa ya tafi da mutuncinsa.

To, yadda aka yi mutumin nan ya faɗa harkar kayan wasan yara, wannan aikin Alkasum ne. Alkasum taubashinsa ne, yana da butik, ɗan shago na gyaran salula, a bakin hanya, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Shi yana ce wa Ɗan Azumi baƙauyen Dakusa, Ɗan Azumi yana ce masa likitan matattun wayoyi. Wata rana da la'asar suna shan shayi a ƙofar butik, wani maƙwabci ya zo da abin da yara ke kira robo, yana neman a taimaka masa. Ɗan mutum-mutumin roba ne mai faffaɗan ƙirji da fuska irin ta sojan da ya kifa kwano, wai daga wata duniya can sama ya sauko. In ka naɗe hannayensa, ka cusa kansa cikin ƙirji, ka murɗa ƙugunsa, sai ga mota da tayoyinta har da fitila. Maƙwabcin ya mai da shi mota, ya kasa dawo da shi mutum, ga yaro can gida yana birgima.

Ɗan Azumi ya karɓa yana cewa kakarsa ta sha ba su labarin mutanen da ke rikiɗa su zama kura, amma bai taɓa jin wanda ya zama kamyo, babbar motar kaya, ba, kuma shi dai ya fi son na kamyon, ko ba komai zai ɗauki buhu. Ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya lalubo kan, ya fito da shi, ya leƙa inda baki ya kamata ya kasance. Ya kai gwiwar kusa da kunnensa yana lanƙwasawa yana saurare. Ya tsai da shi a ƙasa, ya ja baya ya dubi tsayuwarsa kamar yadda yake duban rago daga nesa. Sannan ya ce ƙashin bayansa lafiya lau, ƙafar hagu tana da ɗan sanyi, da rago ne dai bai isa layya ba, amma a yi suna da shi ba a ji kunya ba.

Bai san Alkasum yana ɗaukarsa bidiyo ba. Kafin a yi sallar magariba abin ya shiga Watsab, kafin Juma'a ya kai Magariya da Gure. Daga nan mutane suka fara kawo masa robo kafin su saya, ƴan butik suka fara aiko da sabon sari ya duba, shi kuma Alkasum ya riƙe waya. Ɗan Azumi bai ɗauki abin da wasa ba ko kaɗan, wannan ma shi ne ya sa mutane ke mutuwar dariya. Yana da ƙa'idarsa. Sai ya bisne robo cikin rairayi ya tono ya ga ko gaɓoɓin za su cije. Sai ya sake shi daga daidai tsayin hannun yaro. Sai ya shanya shi a kan kwanon rufi daga azahar zuwa la'asar, don ya ce bai taɓa ganin yaron Damagaram da ya tuna ya kai abin wasansa inuwa ba. Wanda ya tsallake duk wannan ya isa layya. Na ƙasa da shi na suna ne, sai na kiwo. Wanda ya lalace kuwa, sai ya ce a kai wa mahauta. Iyaye suka riƙe wannan ma'auni, har ka ji mace a kasuwar Dole tana tambayar mai kaya ko nasa na layya ne.

Ana nan, wata shekara azumi ya faɗo tsakiyar bazara, sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke kwalaye a ƙofar gidansa, ya ce daga gidan Hajiya Barira.

Hajiya Barira ita ce mahaifiyar Maryama. Tsohuwa ce ƴar unguwar Birni, mai sarin atamfa da kayan ɗaki daga Kano tun kafin a yi kwalta mai kyau, ga ta gajera, ga murya. Shekara ashirin da ɗoriya Ɗan Azumi na auren ƴarta, bai taɓa duban tsakiyar idonta ba, bai taɓa faɗin sunanta ba. In ya hango ta a hanya sai ya tuna yana da wani uzuri a lungun da ke kusa. Ita ma ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana tsugune a ƙofar ɗakinta, Maryama take ce wa ta tambayi mai gidanta ya kasuwa, shi kuma ya ce wa Maryama ta gaya wa Inna kasuwa alhamdu lillahi. Wannan karon saƙon da ya biyo kwalayen gajere ne. Ta ji an ce ana cinikin ƴan robon nan, ta saro na Sallah, a ce wa mai gidan Maryama ya yi musu abin nan da yake yi a waya.

Iri biyar ne, ƴan gida ɗaya. Alkasum ya karanta Faransancin da ke jikin kwali, ya ce wai masu gadin wani tauraro ne da ya ƙone, suka gudo duniya suna ɓuya cikin siffar motoci. Ɗan Azumi ya ce ashe ƴan gudun hijira ne, a yi musu adalci. Ya raɗa musu suna da kansa, irin na tumaki da awaki. Mai rabi baƙi rabi fari da ke zama motar asibiti ya zama Uda. Mai dogayen ƙafafu da ke zama jirgin sama, Bali-bali. Ɗan ƙaramin da ke zama moto, wato babur, mai taurin wuya, Jar Akuya. Koren da ke zama tankar yaƙi, wanda warin roba ke tashi daga jikinsa, Bunsuru. Sai babbansu, ja jawur mai ƙahoni biyu na azurfa, wanda ke zama kamyo kuma ƙirjinsa ke kama wuta in an sa pil, wato batir. Wannan ko ba a faɗa ba Balami ne, kuma shi ya fi yawa a cikin kwalayen, don Hajiya ta san abin da idon yaro ke so.

Huɗu sun ci jarrabawa. Balami ya tsallake rairayi, ya tsallake faɗuwa, amma da ya sauko daga kan kwano aka murɗa ƙugunsa, sai aka ji ƙas, ƙafar dama ta zauna a hannun Ɗan Azumi. Ya ɗauko wani daga wani kwali, haka. Ya ɗauko na uku yana bisimilla, haka. Ƴar ƙusar robar da ke riƙe da ƙugun ba ta jure rana, in ta sha zafi sai ta bushe kamar karan dawa.

Ya tara ƙafafun uku a aljihu ya shiga gida, ya nemi Maryama ta je ta gaya wa Inna. Maryama tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita kai gaisuwa aka ɗauke ta aiki, shekara da shekaru tana yi ba albashi, amma zuwa gaban Inna a ce mata ta yi sarin banza, wannan sai wanda ya gano. Ya koma wajen Alkasum, shi kuma ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce yau ga ranar da yake jira, ko dai baƙauye ya yi ƙarya duniya ta ji, ko ya zagi kayan surukarsa duniya ta ji, shi dai wayarsa a cike take da caji.

Sai Ɗan Azumi ya ga ai yana da hanya ta uku, wadda ya yi rayuwarsa duka da ita.

Bidiyon ya yi kyau, har yau akwai masu ajiyarsa. Ya ce Uda mai haƙuri ne, yana rikiɗa ba gardama, ya dace da yaron da ba ya son wahala. Ya ce Bali-bali kyan gani ne da shi, amma fikafikan sirara ne, a ba yaro mai hankali, in akwai shi. Jar Akuya ya ce sai an yi kokawa kafin ta yarda ta zama moto, amma ko kamyon gaske ya taka ta tashi za ta yi, ta isa layya ta isa biki. Bunsuru ya ce a bar shi ya kwana waje warin ya fita, ban da wannan ba shi da laifi. Da aka zo kan Balami, ya tsai da shi a kan tabarma, ya kunna wutar ƙirjin, ya miƙa babban yatsa ya ɗora a daidai ƙugun dama. Ya yi shiru. Ya dubi waya, ya ci gaba da shiru, har aka ji kukan tunkiya daga bayan gida. Sannan ya ɗauke yatsan ya ce, "To."

Ranar Lahadi a Mirriya dillalai suka tare shi suna jinjina masa. Duk sun gane, har wani ya ce wa matarsa kada ta kuskura ta sayi jan. Ya dawo gida da farin ciki, yana ganin ya fita kunyar kowa.

Abin da bai lissafa ba shi ne, masu sayen robo ba su ne masu sayen rago ba. Mata ne, iyaye da gwaggwanni da yayye, waɗanda ba a taɓa kama hannunsu an ɗora a cinyar rago ba. Wata Madam Zuwaira, malamar lakwal, wato makarantar boko, da ke cikin kusan kowane gurup na matan gari a Watsab, ta saki murya tana cewa ita tun da take kallon mutumin nan ba ta taɓa ganin abin da ya ɗaure masa baki ba sai jan nan, ku duba yadda ya dafa shi kamar mai sa albarka. Shi ke nan. Gidan Hajiya ya cika da masu cewa a ajiye musu wanda Ɗan Azumi ya kasa magana a kansa. Wasu sun karɓa sun ɓoye a ƙarƙashin gado sai ranar Sallah. Kuma sai ga saƙo ta bakin Maryama, wai Inna tana godiya, Allah ya yi albarka, gobe ma za ta kira mutuminta na Kano ya ƙaro jan.

Ranar ko ruwan buɗa-baki bai yi masa daɗi ba. Abin da yake gani a ransa kawai shi ne yammacin Sallah, yara sun bi gari da sababbin kaya, kowane na riƙe da robo mai ƙafa ɗaya yana kuka, iyaye na faɗin sunan wanda ya ce a saya. Kuma wanda aka ce ya rufe aibin robo don na surukarsa ne, wa zai yarda da hannunsa a kan rago in Babbar Sallah ta zo?

Washegari bayan azahar ya shanya wani sabon Balami a kan kwano, da la'asar ya sauko da shi da zafinsa, ya ce wa Maryama ta yafa mayafi ta raka shi Birni. Ya cire takalmi tun daga zaure. Ya tsuguna gefen ƙofar ɗakin Hajiya, labule a tsakaninsu, Maryama ta zauna a bakin ƙofa rabi ciki rabi waje kamar yadda ta saba. Aka gaisa ta bakinta. Aka yi zancen zafi, aka yi zancen azumi, aka koma zancen zafi. Ya buɗe baki zai fara, sai ya ji kansa yana tambayar lafiyar wata akuyar gidan da aka yanka tun bara. Da ya ga dai harshen ba zai tashi ba, sai ya tura robon ta ƙarƙashin labule, ya ce wa Maryama cikin raɗa ta kama hannun Inna ta ɗora a ƙugun dama, ta ce ta murɗa.

"Hannun Inna zan kama?" in ji Maryama.

Ya ce don Allah.

Aka ji ƙas. Can sai ga jar ƙafa ta gangaro ta ƙarƙashin labule, ta tsaya daidai gwiwarsa. Hajiya ta ce a tambayi mai gidan Maryama ko wannan ɗaya ne. Ya ce a gaya wa Inna duk jan haka suke in sun sha rana. Ta ce a tambaye shi yaushe ya sani. Ya ce a gaya wa Inna tun kafin a ɗauki bidiyo. Sai muryar Hajiya ta fito daga bayan labule.

"Ɗan Azumi."

Maryama ta waiga ta dubi uwarta, shi kuwa ya ƙara sunkuyar da kai, don bai ma san ta san yadda ake faɗin sunan ba.

"Ranki ya daɗe, na ɗora hannu a wurin," ya ce da ƙasa, don ƙasar yake kallo.

"Ka ɗora wa wa? Waya tana da hannu? Ina sai da atamfa a garin nan tun kana bin tumakin mutane a Dakusa, ba a taɓa dawo mini da ko ƙyalle ba. Yanzu kunyata da kake ji ita za ta tara mini mata a ƙofar gida ranar Sallah. Ka koma ka faɗa da bakinka, yadda kurma ma zai ji."

Daga nan ta koma ta bakin Maryama, kamar ba abin da ya faru, ta ce a gaya wa mai gidanta ya gai da yara.

Bidiyo na biyu gajere ne, kuma duk tsawonsa gumi yake sharewa da hula. Ya murɗe ƙafar Balami a gaban kowa, ya ce shirun da ya yi wancan karo ba yabo ba ne, haka dillalai ke nuna aibi, kuskurensa ne da ya zaci kowa ya sani. Ya ce wanda ya saya ya mayar, mai kayan ta ce a canza masa da Uda ko Jar Akuya. Ya ce jan nan, a gafarce shi, na mahauta ne. Da ya zo faɗin mai kayan sai ya cije, ya ce na wata babba ce da ba ya iya kama sunanta. Daga bayan waya aka ji muryar Alkasum yana cewa surukarsa ce jama'a, ku yi masa addu'a.

Bai fita salin alin ba. Akwai waɗanda suka ce da ba a matsa masa ba da shiru zai yi, Madam Zuwaira ma ta saki wata muryar ta ce ita ba ta ƙara fassara shirun kowa. Dillalan Mirriya sun yi wata guda in ya zo sai su ɗora masa yatsa a ƙugu su yi tsit. Amma an mai da jan, Jar Akuya ta ƙare kakaf kafin a ga wata, kuma ranar Sallah ba yaron da ya yi kuka da sunansa.

Bayan Sallah da ƴan kwanaki Maryama ta shigo tana danne dariya, ta ce Inna za ta Kano mai da kwalayen jan, kuma ta ce tun da mai gidanta ya fi kowa ido, ya shirya su tafi tare ya zaɓa mata da kansa. Ya nemi ciwon da zai fake da shi, bai samu ba. A tasha Hajiya ta shiga gaba kusa da direba, shi ya nemi can ƙurya ta baya ya maƙale tsakanin buhun barkono da wani mai kaji. Matsalar ita ce suruki ba ya cin abinci inda surukarsa take, kuma mota ɗaki ɗaya ce. A Matamaye ta sayi dafaffen ƙwai ta miƙo baya ta ce a ba wancan mai hular. A wajen ƴan duwan a kan iyaka ta miƙo ruwan sanyi. A Daura ta miƙo tsire mai zafi da albasa. Duk ya karɓa da hannu biyu, ya ce wa fasinjan gabansa ya gaya wa na gabansa a ce an gode, ya tara a cinya. Mai kajin ya yi ta kallon tsiren har Kazaure, daga ƙarshe ya tambaya ko bawan Allah azumin sitta shawwal yake. Sai da suka sauka Kano ya zagaya bayan wani masallaci ya cinye komai a tsaye.

Sarin ya yi kyau, shi ya sa yanzu duk tafiyar da Hajiya za ta yi tare suke yi. Maƙwabta a Kara-Kara sun riga sun gane. In suka ji ƙamshin ɗumamen tuwo na tashi daga gidan Maryama kafin a kira assalatu, ba kuma watan azumi ba, sun san Ɗan Azumi ne ke sahur, yau akwai Kano.